Sako yana tafiya, kira yana yankewa a Harami

Malam, ka ce a kusa da Harami sakon WhatsApp yana wucewa, amma kiran bidiyo zuwa Kano sai ya tsinke, alhali sandunan sabis a cike suke.

Sandunan nan karfin alakarka da eriya kawai suke nunawa. Bayan sallar Isha dubban wayoyi ne ke rububin eriyar nan guda. Sakon rubutu dan mitsitsi ne, yana iya jira ya samu kafa ya isa sabar WhatsApp, wato babbar kwamfutar kamfanin, shi ne alamar ✓ daya da kake gani. Shi kuwa kira ba ya jira, abin da ya makara ya zube.

Kada ka goge manhajar, hirarrakinka za su iya salwanta a banza. Tura sakon murya, ko ka bari sai ka koma masauki. In can ma haka ne, kai wayar shagon kamfanin layinka su duba saitin intanet dinta.