Kafin Ki Sayar da Sarƙarki Don Talla a Ƙasar Sin

Wani matashi daga Kaduna ya rubuto: "Ina son tallata busasshiyar citta ga Sinawa. Nawa zan riƙa biyan Facebook duk wata?"

Ko sisi, ɗan'uwa. Facebook da Instagram da YouTube duk a toshe suke a can. Da ka tambayi ko mutum ɗaya cikin masu zuwa sari Guangzhou, da ya faɗa maka cewa nasu manhajojin ake amfani da su: da WeChat ake ciniki da biyan kuɗi, a Douyin ake kallon bidiyo, mata kuma a Xiaohongshu suke duba abin da za su saya.

Wata Hajiya mai sana'ar man kaɗe ta ce wani dillali ya nemi naira miliyan 3 don ya yi mata binciken kasuwa da talla a Sin. Tana tunanin sayar da sarƙar gwal ɗinta, har barci ya gagare ta.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, rashin barcin nan alamar kina da tunani ne. Ki mayar da sarƙar cikin adaka. Abin da ya fi ci mini rai a wasiƙun da nake samu shi ne gaggawar zuba kuɗi a talla alhali mutum bai mallaki ko sunan kayansa ba. A Sin, wanda ya riga yin rajistar suna shi ne mai suna, ko da shekara 20 kika yi kina amfani da shi a gida. Akwai masu zaman jiran irin wannan: kina biyan talla sunan yana yaɗuwa, su kuma su ruga su yi masa rajista, daga baya su sa miki farashi. Kamfanin Apple da girmansa sai da ya biya wani kamfanin Sin mai suna Proview dala miliyan 60 a 2012 kafin ya samu sunan iPad a can. Shahararren ɗan ƙwallon kwando Michael Jordan ya kai ƙarar kamfanin kayan wasanni na Qiaodan a 2012 kan sunansa na Sinanci, sai 2016 kotun ƙoli ta ba shi gaskiya a wani ɓangare. Ke wane lauya za ki ɗauka?

Kuma suna biyu za ki kare, na boko da na Sinanci, domin da harshensu za su kira kayan. Coca-Cola ta zama Kekou Kele, wato mai daɗi mai sa nishaɗi. In ba ki zaɓa ba, 'yan kasuwa za su laƙaba miki wanda suka ga dama.

Shi kuma dillalin, ki tambaye shi: mutum nawa zai ji ta bakinsu, a wane gari? 'Yar Shanghai da 'yar Lanzhou ba aljihu ɗaya ba, ba yanayin sanyi ɗaya ba. Kada yawan mabiya a shafukan sada zumunta ya ruɗe ki, sayensu ake yi kamar albasa. Rasitin ciniki za ki nema. Sannan dokar tallarsu ta 2015 ta hana kalmomi irin su "mafi kyau", tarar tana farawa daga kuɗin Sin yuan 200,000. Kayan shafa ma sai an yi musu rajista da hukuma kafin su hau kanta. In bai ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kada ki ba shi ko kuɗin mota.

Wani Alhaji daga Dawanau yana tambaya ko riɗinsa na buƙatar tambari da talla. A'a, Alhaji. Masu matse mai ne abokan cinikinka, su kuwa tsakuwa da danshi suke dubawa. Kuɗin tallar ka sa su a injin tankaɗe da gwajin ɗakin bincike. In son ganin masu saye kake, akwai baje kolin kayan waje da ake yi a Shanghai duk watan Nuwamba tun 2018.

Wata kuma ta riga ta buga farin kwali mai lamba 444 don kayan da za ta kai Sin. Fari launin makoki ne a wurinsu, furucin 4 kuma ya yi kama da na mutuwa. Ki sayar da waɗannan a gida, na Sin ki sake bugawa da ja.