Ku Tambaya Mu Amsa: Me Yasa Emuleta Ke Cewa Babu Mabuɗi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na saka emuleta na Switch a kwamfuta ta, komai ya hau lafiya, amma da na buɗe sai ya ce min wai babu prod.keys, gem ɗin ko sunansa bai fito ba balle ya kunna. Kuma Switch ɗin nawa ne, kaset ɗin ma nawa ne. Menene wannan abin, kuma me yasa basu haɗa shi a ciki ba tun farko? Daga Bashir.

AMSA: Wa'alaikumussalam Malam Bashir. Ga waɗanda basu sani ba, emuleta manhaja ce da ke kwaikwayon na'urar gem, kamar Switch na kamfanin Nintendo, domin a kunna gem ɗinta a kwamfuta. Kwantar da hankalinka, ba kwamfutarka bace ta lalace, kuma ba kuskure kayi wajen sakawa ba. Duk gem ɗin Switch, na kaset ne ko wanda aka sauke daga eShop, shagon Nintendo na onlayin, a kulle yake da wani tsarin ɓoye bayanai da ake kira AES, wato in ka buɗe fayil ɗin ba tare da mabuɗi ba babu abinda zaka gani sai tarkacen lambobi marasa ma'ana. Mabuɗin kuma ba wani babban abu bane, yawancinsu lamba ce mai bit 128, in an rubuta ta haruffa 32 ne kacal a layi ɗaya. To prod.keys ɗin nan da ake ta magana ƙaramin fayil ne na rubutu, Notepad ma zai buɗe shi, layi layi ne kawai, sunan mabuɗi a hagu lambarsa a dama.

Dalilin da yasa ko sunan gem ɗin baka gani ba shi ne, hatta kan fayil ɗin, wurin da ke bayyana ko wane gem ne da yadda aka jera cikinsa, shima a kulle yake da nashi mabuɗin mai suna header_key. Kaga kenan emuleta bai ma san me ka bashi ba. Sannan akwai jerin master_key, 00, 01, 02 har gaba, lokaci lokaci in Nintendo ta fitar da babban afdet na famwaya, wato manhajar da ke tafiyar da na'urar, sai ta ƙara sabo, sabbin gem kuma da sabon ake kulle su, shi yasa zaka ji wani yana cewa tsofaffin gem suna yi masa amma sabo ya ƙi, to mabuɗansa ne suka tsufa, na tsohuwar famwaya ne. Akwai kuma title.keys, wannan na gem ɗin da aka siya ta eShop ne, kowanne da nashi, yana zuwa ne cikin tikitin da ake baka lokacin siya.

Kar kuma ka ɗauka za a iya canka. Bit 128 yana nufin kusan 34 mai sifili 37 a bayanta na yiwuwar lambobi, ko ka haɗa kwamfutocin duniya kaf ba zasu gama gwadawa ba. Hanya ɗaya ce, a ciro su daga cikin na'urar kanta, domin dole tana ɗauke da su in ba haka ba ita ma bazata iya kunna gem ba.

Me yasa basu saka a ciki ba? Tsoron shari'a. A Amurka akwai dokar DMCA ta 1998, sashe na 1201 ya hana tsallake makullin da mai haƙƙin mallaka ya saka, ya kuma hana raba kayan aikin tsallakewar. Shi emuleta a karan kansa kotu bata haramta shi ba, a shari'ar Sony da Connectix a 2000 masu emuleta ne suka yi nasara, amma a wancan lokacin rigimar akan kwafar BIOS ce, wato manhajar da ke tada na'urar, ba akan buɗe kulle ba. Don haka masu yin emuleta suka ce mu dai ga inji, kowa ya kawo mabuɗinsa daga na'urarsa. Wannan dabarar ma bata cece su ba, a Fabrairun 2024 Nintendo ta maka kamfanin Tropic Haze masu emuletan Switch mai suna Yuzu a kotu, hujjarta ita ce Yuzu yana warware kullen gem yayin da yake aiki ko da kai ka kawo mabuɗin, ba a ma kai ga alƙali ya yanke hukunci ba suka sasanta a watan Maris akan dala miliyan 2.4, aka rufe Yuzu, Citra, emuletan na'urar Nintendo 3DS, ma ya tafi tare da shi. A Oktoban shekarar Ryujinx, wani emuletan Switch, shima ya tsaya. Gaskiya abin ya min ciwo, musamman Citra, domin tun Maris 2023 aka rufe eShop na 3DS, akwai gem da yawa da ba a taɓa bugawa a kaset ba, yanzu in na'urarka ta mutu ta ina zaka sake ganinsu?

Ciro mabuɗi daga Switch ɗinka kuma ya danganta da wanne gareka. Na farko farko, daga 2017 zuwa wajen tsakiyar 2018, suna da wata ɓaraka a cikin cip ɗin Tegra X1 na Nvidia da aka bayyana a Afrilun 2018 da sunan Fusée Gelée, tana cikin ɓangaren da aka ƙona tun a masana'anta ne shi yasa afdet baya toshe ta. Waɗanda suka biyo baya, da Lite da OLED, an gyara musu, sai an buɗe an yi waldar wani ƙaramin cip a ciki, wanda ni bana baiwa sabon shiga shawarar yi. Ka kuma sani Nintendo bata yarda da ko da ciro naka na kanka ba, a Mayun 2023 ta sa GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ya sauke Lockpick, manhajar da aka fi amfani da ita wajen wannan aikin. Doka kuma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ka duba ta inda kake.

TAMBAYA: Yaya, wani abokina ya ce in turo masa fayil ɗin mabuɗan da na ciro daga Switch ɗina tunda wai duk iri ɗaya ne. Akwai matsala? Daga Sadiya.

AMSA: Ƙanwata kar ki tura. Rabin maganarsa gaskiya ce, su master_key da header_key iri ɗaya ne a kowace Switch a duniya, amma fayil ɗin da kika ciro ba su kaɗai bane a ciki, akwai waɗanda naki ne ke kaɗai, kamar bis_key da ke kulle ma'ajiyar cikin na'urarki, da sauran da suka shafi shaidar na'urar a wurin sabar Nintendo. In shaidar na'urarki ta faɗa hannun wani yayi abinda bai dace ba da ita, ke za a toshe daga onlayin, kuma irin wannan toshewar akan na'ura take ba akan akawun ba, buɗe sabon akawun baya warware ta. Ki ajiye kwafi a wuri biyu tare da bakof ɗin ma'ajiyar, domin ranar da na'urar ta ƙi tashi, bakof ɗin ba tare da bis_key ba baza ki iya karanta komai a cikinsa ba. Haka yake a 3DS ma, akwai movable.sed da otp.bin, na kowa daban.

TAMBAYA: Malam ni abinda ya ɗaure min kai, PPSSPP, emuletan PSP na Sony, baya neman mabuɗi ko BIOS, kawai ka saka gem ya tashi. Kuma tunda an san mabuɗan Switch, me yasa har yanzu sai anyi hakin kafin a kunna manhajar da mutum ya rubuta da kansa? Daga Mustafa.

AMSA: Malam Mustafa wannan tambayar taka ta min daɗi, domin nan ne mutane da yawa ke cakuɗa abu biyu. Akwai mabuɗin buɗewa, akwai kuma mabuɗin sa hannu. Na buɗewa yana cikin na'ura, shi ake cirowa. Na sa hannu kuwa kamar hatimi ne, biyu ne a haɗe, na sirri yana wurin kamfani bai taɓa shiga na'urar kowa ba, na fili kuma shi ke cikin na'ura, aikinsa kawai ya duba ko hatimin na gaske ne. To manhajar da ka rubuta a gida, wadda ake kira hombiru, ba buɗewa take buƙata ba, hatimi take buƙata, kuma baka da shi, shi yasa sai an bi ta wata ɓaraka an ɗora famwaya wadda ba ta kamfani ba irin su Atmosphère kafin Switch ta yarda ta kunna ta.

Sony ce ta taɓa yin sakaci da nata hatimin. A Disambar 2010 a wani taron masana tsaron kwamfuta a Berlin ta Jamus, ƙungiyar fail0verflow ta nuna cewa a tsarin sa hannu na PS3 akwai wata lamba da ya kamata ta canza a kowane sa hannu, amma Sony lamba ɗaya take maimaitawa, to da sa hannu biyu da ɗan lissafi sai mabuɗin sirrin ya fito fili. Ba a jima ba a farkon 2011 aka gano mabuɗan KIRK, injin kullen PSP, daga cikin PS3 ɗin, mutane suka fara yi wa hombiru ɗinsu sa hannu PSP na karɓa kamar daga kamfani ya fito. Da Henrik Rydgård ya fitar da PPSSPP a 2012 aikin KIRK ya riga ya zama sananne, sai aka gina shi a cikin emuletan, tsarin PSP ɗin ma kwaikwayonsa suka rubuta da kansu, shi yasa baya tambayarka komai. Dolphin, emuletan Wii na Nintendo, ma haka yayi da mabuɗin Wii, ya daɗe a cikinsa, sai a Mayun 2023 da suka so shiga Steam, shagon gem na kwamfuta, Nintendo ta nuna rashin amincewa tana kafa hujja da DMCA, suka haƙura da Steam ɗin.

3DS kuma nata daban ne, ba a samu mabuɗin sirrin Nintendo ba, kuskure aka samu a yadda na'urar ke duba hatimin tun lokacin tashi, har ana iya ƙera na jabu ta karɓa, wannan shi ake kira sighax, kuma akansa aka gina boot9strap a 2017. In kuma kana son wuri mai sauƙi na fara koyon rubuta hombiru, fara da Game Boy ko Game Boy Advance, su babu kulle a kaset ɗinsu sam, tambarin Nintendo da ɗan lissafin kan fayil kawai na'urar ke dubawa kafin ta tashi.