Tambaya da Amsa: Ɗanɗana Koren Shayin Longjing da Gane Mai Kyau

Wasiƙun wannan fitowar duk a kan koren shayin ƙasar Sin suke, galibinsu kuma a kan Longjing, wanda ake nomawa a tsaunukan da ke kewaye da Tafkin Yamma a birnin Hangzhou, lardin Zhejiang. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. An kawo mini tsarabar koren shayi, an rubuta Longjing a jikin gwangwanin. Na dafa shi, sai ga ɗaci da bauri kamar magani. Shayin ne ba shi da kyau, ko ni ce ban iya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Laifin yana cikin kalmar nan da kika yi amfani da ita, "dafa". Longjing ba a ɗora shi a wuta, jiƙa shi ake yi da ruwan zafi, shi ma ruwan ba mai tafasa ba. Toho ne ɗanye shakaf aka tsinka, aka gasa a cikin kasko har ya baje ya yi falan-falan, don haka ba ya jure zafi. A cikin ganyen akwai abubuwa uku da ke jan ragamar ɗanɗano: sinadarin katekin mai kawo bauri da ɗaci, kafeyin mai ɗaci, sai kuma tiyanin, wanda shi ne mai garɗi da ɗan zaƙi-zaƙin nan. Tiyanin yana narkewa ko ruwa bai yi zafi sosai ba. Katekin kuwa, gwargwadon zafin ruwa da daɗewar ganye a ciki, gwargwadon yadda zai fito. Ke nan tafasawar da kika yi ta fito da baurin gaba ɗaya ya danne garɗin.

Ga yadda za ki yi. Ki auna ganye giram 3 ga ruwa mililita 150. Ki tafasa ruwan, ki sauke, ki bar shi ya huce zuwa digiri 80 ko 85. In babu ma'aunin zafi, ki juye shi cikin wani mazubi mai sanyi, ki sake juyewa cikin wani, kowace juyawa tana rage masa zafi. Ki sami kofin gilashi, ki ɗauraye shi da ruwan zafi, ki zuba ganyen, ki zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku na kofin, ki ɗan jujjuya shi a hannu kamar daƙiƙa talatin ganyen ya jiƙa, sannan ki cika. Kada ki rufe. Rufewa tana turara ganyen, ya koma rawaya, ƙamshin ya zama na dafaffen ganye. Bayan minti ɗaya da rabi zuwa biyu ki fara sha. Kada ki shanye tas, in ya rage kashi ɗaya cikin uku sai ki ƙara ruwa. Zubi uku yake ɗauka, na huɗu ya zama salam.

In kin yi duk wannan amma ruwan ya fito da duhu-duhu, ga wata yana ta kwanta a samansa, to ki tuhumi ruwanki. Ruwa mai yawan ma'adinai, musamman mai ƙarfe, yana dusashe launin koren shayi ya kashe masa ƙamshi. Sinawa sun daɗe da sanin haka. Lu Yu, wanda ya rubuta shahararren littafin shayi a zamanin daular Tang, ya sa ruwan tsauni a gaba, na kogi a tsakiya, na rijiya a ƙarshe. Mutanen Hangzhou kuma har gobe suna haɗa sunan Longjing da ruwan maɓuɓɓugar Hupao.

Tambaya: Na ga masu tantance shayi suna zuba tafasasshen ruwa a kan koren shayi, alhali kullum ana cewa kada a yi haka. Wanne ne daidai? Kuma zan iya yin irin gwajinsu a gida?

Amsa: Duka biyun daidai ne, Malam, sai dai manufarsu ce ta sha bamban. Mai sha yana lallaɓa ganye ne don ya ba shi abin da ya fi daɗi a cikinsa. Mai tantancewa kuwa so yake ya tona masa asiri. Ruwa mai ɗumi yana rufa wa shayi mara kyau asiri, tafasasshe ba ya rufawa. Shi ya sa kofin alƙalin shayi ba ya daɗin sha, ba a ma yi shi don haka ba.

Ƙa'idar da ake bi a ƙasar Sin tana cikin mizanin gwamnati mai lamba GB/T 23776, bugun 2018. Ganye giram 3, tafasasshen ruwa mililita 150, wato ɗaya ga hamsin, a cikin farin kofin tangaran mai murfi, minti 4 cur ga koren shayi. Daga nan a tsiyaye ruwan tas cikin farin kwano, ganyen ya rage a kofi a rufe. Abu biyar ake ba maki, kuma ba nauyinsu ɗaya ba: siffar busasshen ganye kashi 25 cikin ɗari, launin ruwa 10, ƙamshi 25, ɗanɗano 30, jiƙaƙƙen ganye 10.

Za ka iya yi a gida, muddin kana da ƙaramin sikeli, da agogo, da fararen kofuna iri ɗaya. Sharaɗi guda shi ne ka gwada shayi biyu ko uku a jere. Harshe ba shi da sikeli a cikinsa, da kwatance yake aiki, in ka ba shi kofi ɗaya tal sai ya ce maka "ba laifi" ya yi shiru.

Ka fara da busasshen ganye a kan farin faranti, kusa da taga, ba a cikin rana tsaka ba. Longjing na kirki shimfiɗaɗɗe ne, santsi, miƙaƙƙe, tsawonsa kusan ɗaya. Ka girgiza farantin: manya za su hau sama, gari da ɓaraguzai su kwanta ƙasa, sai ka ga yawan abin da aka cakuɗa. Ka ɗauki ganye ɗaya ka murza tsakanin yatsu. In ya zama gari, ya bushe yadda ya kamata. In ya lanƙwashe bai karye ba, ya sha danshi.

Da ka tsiyaye, launin ruwa za ka fara dubawa, domin shi ne mai saurin sauyawa, iska na taɓa shi yana ƙara rawaya. Ana son kore mai haske da ɗan ratsin rawaya, garai-garai, har ka ga gindin kwano. In ya ja zuwa ja-ja, ko ganyen ya tsufa ko an yi sakaci wajen gashi.

Sai ƙamshi, kuma a nan ne yawancin masu koyo ke gaggawa. Sau uku ake sansanar ganyen da ke cikin kofi, ana ɗaga murfi kaɗan, daƙiƙa biyu zuwa uku, a mayar. Na farko yana da zafi: a nan aibi ke fitowa, ƙauri, hayaƙi, tsami, warin fumfuna, ko warin wani abu da aka ajiye shi kusa da shi. Na biyu ya yi ɗumi: a nan za ka ji irin ƙamshin, wanda Sinawa ke kwatanta na Longjing da ƙamshin gasasshen wake, wani lokacin da ɗan ƙamshin fure a bayansa. Na uku bayan ya huce sarai, kuma mu a ganinmu wannan ya fi sauran faɗar gaskiya. Kowane shayi yana iya ƙamshi da zafinsa. Wanda ya huce amma ka buɗe murfi ƙamshin na nan, shi ne ganyen kirki. Wanda kuma aka ƙara wa wuta don a ɓoye rauninsa, yana hucewa sai ya bar ka da warin kasko kawai.

Ɗanɗano ana yinsa ne ruwan ya sauko wajen digiri 50. Ya fi haka zafi, harshe ya ƙone bai ji komai ba. Ya yi sanyi, bauri ya yi yawa. Ka ɗebo da cokali, ka zuƙa da ƙarfi tare da iska har ya yi ƙara, ruwan ya fantsama ko'ina a baki ya hau ganɗa. Ba rashin ladabi ba ne, haka aikin yake. Ka riƙe daƙiƙa kaɗan, ka fitar da numfashi ta hanci. Ka raba ɗaci da bauri, don ba abu ɗaya ba ne: ɗaci ɗanɗano ne, bauri kuwa kama baki ne, harshe da dasashi su yi kaushi. A wannan gwaji mai tsanani ko wane koren shayi zai nuna su. Abin lura shi ne ko suna tafiya. A shayi mai kyau ɗacin yana wucewa cikin 'yan daƙiƙu, yawu ya taru, wani zaƙi ya taso daga maƙogwaro. Sinawa na kiran wannan huigan, wato zaƙin da ke dawowa. A mara kyau baurin zai zauna daram, ya bar baki a bushe.

Daga ƙarshe ka juye ganyen a faranti mai ɗan ruwan sanyi, ka baje shi da yatsa. Makinsa 10 ne kacal, amma nan ne mai sayarwa ba shi da ta cewa. Ana son toho ɗaya da ganye ɗaya, ko da biyu ƙanana, a haɗe ba su rabu ba, masu laushi in an matsa, launinsu ɗaya. Jan kara ko jan gefen ganye na nufin zafin kasko bai isa ba, ko an bar ɗanyen ganye a tare ya fara sauyawa kafin a gasa. Baƙaƙen ɗigo-ɗigo na nufin wuta ta yi yawa. Launi biyu a faranti ɗaya, wani shar wani fatsi-fatsi, alama ce ta an gauraya ganye iri biyu, ko sabo da na bara.

Tambaya: Ina ganin wanda ya fi kore shi ya fi kyau. Haka ne?

Amsa: A'a, Hajiya, kuma wannan zaton ne ke sa ake sayar wa mutane abin da ba shi ba. Longjing na yankin Shifeng da ke gefen Tafkin Yamma, wanda ake ɗauka a matsayin na gaba-gaba, yana da ratsin rawaya, har Sinawa na kwatanta launinsa da na shinkafar da ba a goge ba. Akwai wani irin shayi mai suna Wuniuzao, asalinsa daga yankin Wenzhou, da ke toho da wuri. Ana gasa shi da siffar Longjing, ya fito kore shar, tohonsa gajere mai kauri, ya riga na ainihi shiga kasuwa. Ba guba ba ne, ana shansa, sai dai ƙamshinsa na ciyawa ne kuma ruwansa ba nauyi. Irin da aka san Longjing na Tafkin Yamma da su biyu ne: tsohon iri da ake kira Qunti, da kuma Longjing 43.

Ki kuma karanta gwangwanin da kyau. Yankuna uku ne doka ta yarda su yi amfani da sunan Longjing, duka a Zhejiang: Xihu, wato Tafkin Yamma, da Qiantang, da Yuezhou. Na Xihu fili ne ɗan ƙarami, murabba'in kilomita 168, shi ya sa ya fi tsada. In kuma koren ya yi yawa har kina zargin an sa rini, ki murza ganyen a kan farar takarda mai ɗan laima. Launi ya fita nan take ya ɓata takardar, ki ajiye shi kada ki sha.

Tambaya: Mene ne "Mingqian" da ake rubutawa, kuma ya cancanci kuɗin da ake ƙara masa?

Amsa: Ma'anarsa an tsinke shi kafin bikin Qingming, wanda ke faɗowa 4 ko 5 ga Afrilu. Wanda aka tsinka bayan nan zuwa wajen 20 ga Afrilu ana kiransa Yuqian. Tohon farko ya fito cikin sanyi, a hankali ya girma, tiyanin ɗinsa na da yawa, baurinsa kaɗan, ga shi bai da yawa a kasuwa. Amma ruwansa sassauƙa ne, wanda bai saba ba sai ya ce ruwan zafi aka ba shi. Yuqian ya fi shi kauri a baki, ya fi jure zubi, ya kuma fi araha nesa ba kusa ba. Mai koyo ya fara da Yuqian. Kalmar Mingqian lokacin tsinka kawai take faɗa, ba ta ce komai a kan gonar ko hannun da ya gasa ba.

Tambaya: Na ga wasu 'yan ƙwallaye kamar auduga, masu ruwan ƙasa-ƙasa, a cikin ganyen. Ƙwan ƙwari ne?

Amsa: Kwantar da hankalinka. Gashin jikin toho ne da ya goge a kasko lokacin da ake danna ganyen, ya dunƙule. Ka murza ɗaya, zai watse kamar ƙura mai laushi. Alamar ganye ƙarami ne. Fumfuna kuwa zare-zare take yi a jikin ganyen, kuma hanci zai gaya maka kafin ido.

Tambaya: Shayina yana ƙamshi da na buɗe shi, bayan wata biyu ya zama kamar busasshiyar ciyawa. Me ya faru?

Amsa: Iska, haske, zafi, danshi da warin abin da ke kusa da shi, ɗaya daga cikinsu ko duka. Koren shayi ba ya inganta da tsufa, in ya daɗe sauka yake yi. A Hangzhou tun da can a tulu ake ajiye sabon Longjing, tare da ƙunshin farar ƙasa da ba a jiƙa ba, ta zuƙe danshi, zafin wutar gashi kuma ya kwanta. Kai abin da za ka yi shi ne ka raba shi ƙananan ƙunshi, na mako biyu-biyu, a leda mai ƙyalli kamar azurfa da haske ba ya ratsawa, ka matse iskar ka like. Ɗaya a waje, sauran a firji tsakanin digiri 0 da 5, nesa da duk abin da ke da wari, don ganyen shayi zuƙe wari yake kamar soso.

Kuskuren da aka fi yi yana wajen fitarwa. In ka ciro ƙunshi daga firji ka buɗe nan take, raɓa za ta sauka a kan ganyen mai sanyi, ka jiƙa shi da hannunka. Ka bar shi a rufe awa biyu ko uku sai sanyin ya sake shi, sannan ka buɗe, kuma wanda ka buɗe kada ya sake komawa firji.