Kama, Riƙe, Damƙe: Amsoshi Kan Kalmomin Haƙar Rijiya Mai Zurfi

Tambayoyin wannan karo sun taru a wuri ɗaya, wato kayan aikin da ake kama bututun haƙa da su a juya shi, ko a rijiyar mai ko a ta burtsatse. Ta farko ta fi nauyi, don haka za ta fi cin wuri.

Tambaya: Malam, ni ɗalibin injiniya ne. An sa ni rubuta wa ma'aikatan haƙa takardar kiyaye haɗari da Hausa. Akwai ƙarafa iri biyu da ke kama bututu, na kira su duka awartaki, sai wani tsohon ma'aikaci ya ce ban yi daidai ba. Da gaskiyarsa? Sannan wanne ya kamata in rubuta: kama, riƙe ko damƙe?

Amsa: Ɗana, da gaskiyar dattijon nan, kuma ka gode masa. Bari in fara bayyana wa sauran masu karatu yadda aikin yake, don kalma ba ta zama daidai sai an san abin da aka ɗora ta a kai.

Bututun haƙa sanda-sanda yake zuwa, kowace sanda tsawonta kimanin mita 9. Ɗaya bakin sandar namiji ne, ɗayan tamace, ana murɗa wannan cikin wancan kamar noti. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a rijiya mai zurfi ba danna bututun ake yi ba, a rataye yake. Wasu bututai masu kauri da ke can ƙasa su ke danna bakin haƙar, wato ƙarfen da ke cin dutse a ƙarshen bututun, da nauyinsu, sauran kuwa ƙugiya ce ke ɗauke da su daga sama. Bututu mai faɗin inci 5 yakan kai kilo 29 a kowace mita, ka ga ke nan rijiya mai mita 3,000 tana da ƙarfe kusan tan 90 yana reto a cikinta. To, duk sa'ad da za a ƙara sanda, dole a raba bututun da ƙugiya. Me zai hana shi sulalewa cikin rami?

Nan ƙarfe na farko ke shigowa. Wasu ɓangarori ne haɗe da juna, sama kauri ƙasa siranta, cikinsu da haƙora. Ana zura su kewaye da bututun cikin wani gurbi mai tsukakken gindi. Da bututun ya ja ƙasa sai ya ja su, gurbin ya matse su, haƙoran su nutse a jikinsa. Iyakar nauyinsa iyakar matsuwarsu. Wannan ba awartaki ba ne ko kusa. Ba shi da muƙamuƙi biyu da hannu ke matsewa, kuma ba ya juya komai. Sunan da ya fi dacewa da shi yana bakin direbobi tun tuni: weji. Ka ce wejin bututu, kowane ma'aikaci zai gane abu ne da ake cusawa don a hana motsi.

Ƙarfe na biyu shi ne wanda za ka iya ara wa sunan awartaki. Guda biyu ne manya, a rataye da igiyar ƙarfe saboda mutum ba ya iya ɗaukarsu, ana maƙala ɗaya a sandar ƙasa ɗaya a ta sama. Ɗaya ya tsaya cik, inji ya ja wutsiyar ɗayan, mahaɗin ya ɗauru ko ya kwance. Sai dai ka lura da bambanci guda. Awartakin maƙeri ƙarfinsa daga hannun maƙerin yake, in ya sassauta ƙarfen ya faɗi. Wannan kuwa jan da ake yi masa shi ke ƙara masa cizo. Duk da haka na yarda da aron, domin siffa da manufa sun yi kusa, kuma gara tsohuwar kalma ta sami sabon aiki da a bar ta ta mutu a maƙera. Ka rubuta awartakin bututu.

Wata kalma da zan hana ka ita ce mariƙi. Tana da kyan gini, irin na mabuɗi da maɗauri, amma Bahaushe ya riga ya ba ta wurin da hannu ke kamawa a jikin abu, kamar mariƙin ƙofa. In ka ce wa ma'aikaci ya duba mariƙi, hannun wejin zai duba, ya bar haƙoran da kake nufi.

Yanzu ga aikatau ɗin. Kama ita ce uwa, ita ce mafi faɗi: a kama ɓarawo, a kama hanya, a kama aiki. Tana nuna farkon haɗuwa ne kawai, ba ta faɗin ƙarfi ko daɗewa. Riƙe tana ɗauke da lokaci, shi ya sa ake riƙe amana, a riƙe maraya. Damƙe kuwa ƙarfi take nunawa, irin na yatsun da suka rufe abu ruf babu sauran wurin motsi. Saboda haka ma'aikaci ya kama bututu ya kai shi bakin rami, weji ya riƙe shi har a gama haɗi, awartaki ya damƙe mahaɗi. Ka ga kowace ta sami mazauninta ba tare da an ƙirƙiro komai ba.

Ka yi hattara da wasalin ƙarshe. Damƙe bututun daban, damƙa masa bututun daban: na biyun miƙa masa ne, ka sa shi a hannunsa. A hira ba komai, amma a takardar da ran mutum ya rataya a kanta, wasali ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma ta huɗu da ba ka tambaya ba, alhali ita ce za ta fi yi maka amfani: cafke. Cafka kamun abu ne yana cikin tafiya, farat ɗaya. Babbar doka ce a wannan aiki cewa ba a sa weji sai bututu ya tsaya. In aka jefa shi bututun na gangarawa, haƙoran sukan yi wa ƙarfen rauni ko su matse shi ya tsuke, kuma daga irin wannan tabon tsagewa ke farawa bayan an daɗe ana juyi. Da Hausa dokar gajeriya ce: weji riƙo yake yi, ba a cafka da shi. Haka kuma awartaki a kan kaurin mahaɗi ake sa shi, ba a tsakiyar sanda inda ƙarfen ya fi siranta ba.

Tambaya: Malam, ina aikin fassarar labarai. Kullum juya nake rubutawa, ko injin ne ke aiki ko ma'aikata ne ke haɗa bututu. Ina jin kamar akwai kalmomin da suka fi ta.

Amsa: Malama, jin naki daidai ne. Juya ba kuskure ba ce, amma ayyuka uku kike lulluɓewa da ita.

Na farko shi ne juyin haƙa kansa, inda bututun gaba ɗaya ke kewayawa ba tsayawa, kamar sau ɗari a minti ko sama ko ƙasa. Nan juya ta zauna daram. Ba da juyi aka fara haƙa ba. A lardin Sicuwan na ƙasar Sin, da sara da daka aka yi rijiyoyin gishiri, ana ɗaga ƙarfe mai nauyi ana saki, har wata ta wuce mita 1,000 a 1835. Rijiyar man da Edwin Drake ya haƙa a Fensilbaniya ta Amurka a 1859, mai zurfin kimanin mita 21, ita ma da daka aka yi ta. Haƙar juyi ta yi suna ne bayan rijiyar Sifindiltof ta jihar Teksas, wadda ta yi ambaliyar mai a Janairun 1901. Tsarin da aka daɗe a kai shi ne wani faifan ƙarfe a daɓen aiki, inji na juya shi, a tsakiyarsa an zura wata sanda mai kusurwa huɗu ko shida wadda ma'aikata ke kira keli. Kusurwoyin su ke sa faifan ya tafi da ita, tana kuma iya zamewa ƙasa yayin da rami ke ƙara zurfi. Wasu na cewa teburin juyi. Ni na fi son faifan juyi, don tebur a kunnen Bahaushe ba ya motsi, faifai kuwa an san shi da kewaya. Tun daga shekarun 1980 aka koma rataye injin a sama yana juya bututun kai tsaye. Da shi ana haƙa da sanda uku a haɗe, kusan mita 28, kafin a tsaya ƙari, ana kuma iya juyi ana fito da bututu in rami ya nemi riƙe shi. Ki kira shi injin juyi na sama.

Na biyu shi ne shigar da namijin cikin tamacen da sauri kafin ya yi tauri. Da, sarƙa ake naɗawa a jikin bututu, ma'aikaci ya wurga ta sama, inji ya ja. Yatsun da wannan sarƙa ta ci ba su da iyaka, shi ya sa aka yi ta barinta. Yanzu wasu ƙananan gargare ne ke matse bututun suna gudu a jikinsa. Kalmar wannan ita ce murza, yadda ake murza mazari: juyi ne da ke samuwa daga gogayya, mai sauri, marar nauyi.

Na uku shi ne murɗa, ƙarshen ɗauri, inda tafiyar kaɗan ce amma ƙarfin mai yawa. Aikin awartaki ke nan, ko na'urar zamani da ta haɗa murza da murɗa a jiki ɗaya don a janye hannun mutum daga wurin. Murɗar tana da ma'auni. In ta gaza, mahaɗin zai ci gaba da ɗaure kansa a can ƙasa ba bisa ƙa'ida ba, tunda juyin haƙa hannun dama yake bi kamar ɗaurin noti, ko kuma ruwan haƙa, wanda ake turawa ta cikin bututu, ya sami kafa ya yi ta cin ƙarfen. In ta yi yawa, namijin ya miƙe ko tamacen ta tsage. Kowanne ya faru, ƙarshensa bututu ya murɗe, da wasalin e, wato murɗar ta kai ga tsinkewa, rabi ya zauna a rami sai an shiga aikin kamun abin da ya faɗa. Saboda haka kada ki rubuta an murɗe bututu in kina nufin an ɗaure shi da kyau.

Tambaya: Haƙa rijiya ake cewa ko gina rijiya?

Amsa: Duka biyu Hausa ce. Gina tana nufin tono tun asali, kamar a ginar doya da kuma karin maganar nan, in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Amma tunda yau gini ya fi tafiya ga ɗora bulo, ga aikin inji haƙa ta fi fita sarai.

Tambaya: Malam, na ga awartakin nan biyu ne, ɗaya ba ya aiki sai da ɗan'uwansa. Zan iya buga misali da ƙarfe ɗaya ba ya amo? Kuma rijiya gaba dubu da ake faɗa, akwai ta da gaske?

Amsa: Malam, lafazin ya yi kama, amma ma'anar ta kauce. Ƙarfe ɗaya ba ya amo an fi kawo ta wajen sasanta rigima, a nuna cewa kowane ɓangare da nasa laifin, tunda ba a faɗa da mutum ɗaya. Wanda ya ji ka faɗe ta zai zaci awartakan saɓani suke yi. Abin da kake nufi taimakekeniya ce, karin maganarta kuwa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina ganin wannan kuskure yana yawaita a rubutun matasa: a ɗauki karin magana saboda kalmar da ke cikinta ta dace da zancen, a manta da inda magabata ke ajiye ta. Abin yana damuna, domin in aka daɗe ana haka, ma'anar ce za ta ɓace a bar ɓawon.

Gaba kuwa ma'auni ne: tsawon da ke tsakanin yatsun hannu biyu in mutum ya ware su, abin da bai kai mita biyu ba. Da shi ake auna igiya da zurfin rijiya. Gaba dubu ke nan ta kusa mita 1,800. Masu faɗar ta ba ƙidaya suke nufi ba, zurfin da ba a fita suke nufi, shi ya sa ake cewa wane ya faɗa rijiya gaba dubu in ya shiga abin da ba shi da mafita. Amma a aikin mai, rijiyar da ta wuce haka ba abin mamaki ba ce yau. Ramin bincike da Tarayyar Sobiyet ta fara haƙawa a yankin Kola a 1970 ya kai mita 12,262 a 1989, wato ya doshi gaba dubu bakwai. A can ba daga sama aka riƙa juya bututun duka ba: an sa injin ne a ƙasa kusa da bakin haƙar, ruwan da ake turawa ta cikin bututu yana juya shi. Ka ci gaba da amfani da karin maganar a ma'anarta ta azanci, amma in rahoton aikin haƙa kake rubutawa, ka ba da zurfin da mita.