Amsa ga Alhajin da ke tambaya kan karatun akanta domin aikin kuɗi a ƙaramar hukuma

Assalamu alaikum. Alhaji, na karanta tambayar da ka ajiye mana a zauren nan game da ɗanka da ya kammala sakandare a Agege, wanda ka ce Allah ya ba shi kan lissafi kuma burinsa ya yi aiki a sashen kuɗi na ƙaramar hukuma, kana neman shawara ko ya nufi foliteknik ko kuwa ya dage sai ya samu jami'a. Da yake ni ma ta foliteknik na bi, na kuma daɗe ina aiki a ofishin ma'aji na wata ƙaramar hukuma a Arewa kafin in dawo Legas in kama aiki da wani kamfanin binciken kuɗi, na ga bai kamata in yi shiru ba. Shawarata ita ce ya shiga foliteknik ya karanci akanta, amma da sharaɗi biyu: ya yi shekarar sanin makamar aikinsa a baitulmalin ƙaramar hukuma, sannan ya fara jarrabawar ƙwararrun akantoci tun yana ɗalibi. Idan aka bar waɗannan biyun, takardar makaranta ita kaɗai ba za ta kai shi inda kake fata ba.

Tsarin karatun ba shi da sarƙaƙiya. Zai rubuta JAMB, yana riƙe da kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi, ya yi shekara biyu ya karɓi ƙaramar difloma, wato ND, ya fita ya yi shekara guda yana koyon aiki, sannan ya koma ya ƙara shekara biyu domin babbar difloma, wato HND, daga nan sai hidimar ƙasa. Hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, ita ce take tantance kwasa-kwasan foliteknik, don haka kafin ka biya ko sisi ka tabbatar ta amince da kwas ɗin akanta na makarantar da ya zaɓa. A nan kusa da mu akwai Kwalejin Fasaha ta Yaba, wadda take tun 1947. Foliteknik ta jihar Legas da ke Ikorodu kuwa an mayar da ita jami'ar kimiyya da fasaha a 2022, kada wani ya ba ka tsohon labari. Ina kuma jan kunnenka game da karatun ƙarshen mako da na yamma, domin waɗanda suka gama ta wannan hanya ba a tura su hidimar ƙasa, wasiƙar keɓewa ake ba su, kuma yaro mai ƙuruciya irin naka ba shi da dalilin rasa wannan shekara.

Za ka ji ana cewa akwai kwas na musamman kan harkokin ƙananan hukumomi, kuma gaskiya ne. Bayan garambawul ɗin da aka yi wa ƙananan hukumomi a 1976 an ɗora wa jami'o'i uku, ta Ahmadu Bello da ke Zariya da ta Ife da ta Nsukka, nauyin horar da ma'aikatan ƙananan hukumomi, kuma manyan ma'ajin da na yi aiki a ƙarƙashinsu da dama a Kongo, wato harabar jami'ar Ahmadu Bello da ake koyar da harkokin mulki, suka yi karatu. Sai dai a ganina wannan ya fi dacewa da wanda ya riga ya kama aiki aka tura shi ƙaro ilimi. Yaron da bai riga ya samu gurbi ba gara ya riƙe akanta, domin idan ƙofar gwamnati ta ƙi buɗewa, banki da kamfani da asibiti da makaranta duk suna buƙatarsa.

Yanzu ga abin da ya sa na nace a kan koyon aiki a baitulmali. Kai ɗan kasuwa ne, Alhaji, ka san cewa idan motar albasa ta iso kuma farashi ya yi maka, kana iya zaro kuɗi ka biya nan take, lissafi ya biyo baya. Kuɗin hukuma ba haka suke ba. Ba a kashe ko kwabo sai idan an tanade shi a kasafin kuɗin da majalisar kansiloli ta amince da shi, kuma kowane kashewa yana da babinsa da lambarsa. A ce sashen ayyuka yana son a yashe kwata a wata unguwa. Sai shugaban sashen ya rubuta buƙata a fayil, a samu amincewar wanda doka ta ba ikon amincewa da wannan adadi, a duba littafin da ake rubuta abin da ya rage a kowane babi a ga ko da saura, sannan a rubuta bauca, wato takardar biyan kuɗi, a liƙa mata takardar kwangila da shaidar kammala aiki. Daga nan ta tafi wurin odita na cikin gida ya bi ta layi-layi ya buga hatiminsa, ma'aji ya sa hannu, a cire harajin da ya kamata a cire wa ɗan kwangila, kafin kashiya ya biya ya shigar a littafin shige da ficen kuɗi. Duk wannan yana rubuce a kundin ƙa'idojin kuɗi na ƙananan hukumomi, wanda ma'aikata ke kira FM, kuma a aji za a karanta wa ɗalibi shi cikin 'yan makonni ya haddace ya ci jarrabawa. Amma sai ranar da aka dawo masa da bauca daga teburin odita da jan biro a kanta, saboda kwanan watan takardar kammala aiki ya riga na takardar bayar da kwangilar, sannan zai fahimci dalilin kowane mataki. Na ga masu digiri mai daraja ta ɗaya sun tsaya cak a gaban irin wannan bauca, na kuma ga mai ƙaramar difloma da ya yi shekara guda a ofishin ya gano matsalar da kallo ɗaya.

Ɓangaren kuɗin shiga ma haka yake, kuma a nan ne ɗanka yake da wata fa'ida da 'ya'yan ma'aikata ba su da ita, tunda ya tashi yana ganin masu yankar rasit a kasuwa. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu, da ba da lasisin kekuna da baro da amalanke, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da raɗa wa tituna suna, da sa ido a kan shaguna da allunan talla. Daga nan suke tara nasu kuɗin na cikin gida. Sauran yana zuwa ne daga asusun tarayya, inda ƙananan hukumomi 774 suke raba kashi 20.60 cikin 100, jihohi 26.72, gwamnatin tarayya kuma 52.68. Legas tana da nata yanayin da dole mai aiki a nan ya sani. Ƙananan hukumomin da tsarin mulki ya ambata 20 ne, amma a 2003, zamanin gwamna Bola Tinubu, an ƙirƙiri ƙarin 37 waɗanda yanzu ake kira yankunan raya ƙasa, irin su Orile-Agege da Ikoyi-Obalende da Ikosi-Isheri inda kasuwar Mile 12 take. Kason Abuja da sunan 20 ɗin nan yake zuwa, sannan a raba shi ga 57. Haka kuma harajin gidaje, wanda a wasu jihohi ƙaramar hukuma ke karɓa da kanta, a Legas an haɗe shi da wasu kuɗaɗen ƙasa tun dokar 2001, jiha ce take tarawa a madadinsu. Littafin da aka rubuta domin dukan ƙasa ba lallai ne ya tsaya a kan waɗannan ba, sai wanda ya zauna a ofishin.

Aikin farko da akan ba ɗalibi mai koyon aiki yawanci shi ne a ajiye masa ƙunshin littattafan rasit da masu karɓar haraji suka dawo da su, a ce ya haɗa jimillar kwafin da ya rage a ciki, ya gwada da takardar shaidar zuba kuɗi a banki, ya kuma duba ko lambobin suna bin juna babu wadda ta yi tsalle. Yara da yawa suna raina wannan aiki, suna ganin ba don shi suka yi karatu ba. Ka gaya wa ɗanka kada ya raina. Wanda ya iya bin rasit tun daga ɗakin ajiya da aka fitar da littafin har zuwa bayanin asusu na banki, ya kuma iya daidaita littafin kashiya da na banki a ƙarshen wata ba tare da ya ɓoye bambanci ba, ya riga ya riƙe rabin sana'ar. Ya roƙi a zagaya da shi sashen albashi da ɗakin ajiyar kaya da sashen kasafi, kada ya yarda ya ƙare shekarar yana sayo wa manya abinci da buga kwafin takardu, abin da yake faruwa da duk wanda bai buɗe baki ya nemi aiki ba.

Ya kuma riƙe kwamfuta da muhimmanci, musamman Excel. Nijeriya ta rungumi ƙa'idojin lissafin gwamnati na duniya da ake kira IPSAS, aka fara da tsarin rubuta abin da ya shiga hannu ko ya fita a 2014, aka koma tsarin da ke lissafa bashi da kadarori a 2016, tare da jerin lambobin asusu iri ɗaya ga dukan matakan gwamnati. Tsofaffin ma'aikata da dama har yau suna shan wahala da wannan sauyi, saboda haka matashin da ya iya shi ba ya rasa mai nemansa a ofis.

Sai maganar da ta fi damun iyaye, wato bambancin da ake nunawa tsakanin HND da digiri. Ba zan ɓoye maka ba, yana nan. A tsarin aikin gwamnati mai ND yana farawa daga mataki na 6, mai HND daga na 8 kamar mai digiri, amma layin ƙarin girmansu ba ɗaya ba ne, kuma a al'ada mai HND yakan tsaya a mataki na 14 alhali abokinsa yana ci gaba. Majalisar dokoki ta ƙasa ta zartar da ƙudurin soke wannan bambanci a 2021, amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. Abin yana yi mini ciwo, domin na ga haziƙan mutane da suka riƙe ofis shekara da shekaru aka kawo wanda su suka koya wa aiki aka ɗora a kansu. Maganinsa a fannin akanta shi ne takardar ƙwararru, kuma shi ya sa na sa ta cikin sharuɗɗana. Cibiyar ƙwararrun akantoci ta ICAN, wadda doka ta kafa a 1965 kuma hedikwatarta tana nan Legas, tana da jarrabawar ƙananan akantoci da ake kira ATS mai matakai uku da ake iya shiga da sakamakon sakandare kawai, kuma lissafin gwamnati yana cikin darussanta. Yaron da ya fara ta a shekararsa ta farko a ND zai iya kammala ta kafin ya shiga HND, daga nan ya wuce zuwa babbar jarrabawar da rangwamen wasu darussa. Akwai kuma ƙungiyar akantoci ta ANAN, wadda ta samu amincewar doka a 1993, tana da kwalejinta a kusa da Jos, tana ɗaukar masu HND ko digiri a akanta, kuma ma'aikatan gwamnati da yawa ta can suke bi. Wanda ya riƙe ɗaya daga cikin biyun yana iya neman a sauya masa layi zuwa na akantoci. Kuɗin jarrabawar da na darasi ba kaɗan ba ne, amma idan za ka zaɓa tsakanin saya masa babbar waya da biya masa wannan, ka biya wannan.

Game da samun aikin kansa, gara ka ji gaskiya tun yanzu. Ma'aikata daga mataki na 7 zuwa sama Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ta jiha ce take ɗaukarsu, take kuma yi musu canjin wurin aiki, ba ciyaman ba. A ko'ina cikin ƙasar nan ana fifita ɗan asalin wuri a irin wannan aiki, kuma 'ya'yanmu da aka haifa a Agege ko Idi-Araba, waɗanda wasu kakanninsu ma a nan aka binne su, sukan tsinci kansu a tsakiya, nan a ce musu baƙi ne, can gida a ce ba a san su ba. Ba na cewa ba zai samu a Legas ba, musamman idan yana jin Yarabanci sosai kuma an san gidanku a unguwa, amma kada a jingina da hakan kaɗai. Ka nema masa takardar shaidar asali daga ƙaramar hukumarku ta gida tun yanzu, ka riƙa kai shi ana ganinsa. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yulin 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye maimakon ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, duk da cewa aiwatar da shi yana tafiyar hawainiya, ya nuna cewa nauyin da ke kan ma'aji da odita zai ƙaru, kuma ƙananan hukumominmu na Arewa suna matuƙar buƙatar matasan da suka san aikin. Ko bai shiga gwamnati ba, kamfanonin binciken kuɗi da masu ba da shawara kan haraji suna ɗaukar wanda ya san yadda lissafin hukuma yake tafiya, haka ma ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu da kullum suke fama da masu karɓar haraji ba tare da sanin wanne ne halastacce ba.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ka auna a halin yaron kafin a fara, tunda kai ka fi kowa saninsa. Ranar za ta zo da wani babba zai miƙo masa bauca maras cikakkun takardu ya ce ya sa hannu za a kawo sauran daga baya, kuma idan Babban Odita na ƙananan hukumomi ya aiko da takardar tuhuma bayan shekara biyu, sunan da ke kan baucar shi za a nema, wanda ya ba da umarnin da baki kuwa ya daɗe da barin kujera. Idan ɗanka mai iya cewa a'a cikin ladabi ne, ya nemi a rubuta masa umarni a fayil, to aikin zai karɓe shi. Idan kuwa mai tsananin kunya ne da ba ya iya musa wa babba, a fara gyara wannan tun a gida, ko a karkata shi zuwa lissafin kamfani.

Ka turo mini sakamakonsa na WAEC ko NECO ta akwatin sirri in duba ko darussan sun cika, domin sau da yawa Lissafi ko Tattalin Arziki ne yake tsayar da yara a matakin tantancewa. Idan da giɓi, ya sake zama jarrabawar kafin a buɗe rajistar JAMB, kuma a cikin wannan jiran zai iya fara karatun matakin farko na ATS. Ina da tsofaffin littattafaina na lissafin gwamnati da kwafin kundin FM, ya zo ya karɓa ranar Asabar bayan La'asar.