Kilishin Madawa ba ya ƙetare duwan

Ƙanena, na saurari saƙonka har ƙarshe duk da tsawonsa. Barka da samun biza, Allah ya sa wa karatun albarka. Maganar ɗaki da rajistar jami'a ka bari sai ka sauka, ba a gama su ta WhatsApp. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne wanda ka jefo a ƙarshe kamar wasa: wai Inna ta sa an yo maka kilishi daga Madawa, ga cuku, ga man shanu, kana tambaya kilo nawa ake bari a shiga da shi Beljik. Har ka ƙara da cewa ka ji dokar ta masu naman alade ce, ba ruwan Musulmi da ita.

Ba a barin ko yanka ɗaya. Duk wanda ya taso daga Nijar zuwa wata ƙasa ta Tarayyar Turai, an hana shi shigowa da nama ko abin da aka yi da madara, ɗanye ne, busasshe ne, soyayye ne, ko an rufe shi a leda an zuƙe iskar. Kilishi, dambun nama, cuku, man shanu, duk hukuncinsu ɗaya. Ko ta gidan waya aka aiko maka, dokar tana nan. Ka bi ta Kazablanka ko ta Istambul, babu abin da ya canza. A Yamai ba mai tsayar da kai, shi ya sa mutanenmu suke ɗauka an yarda. Can inda za ka sauka ne ake jiranka.

Wanda ya gaya maka don alade aka yi dokar ya ji rabin magana. Akwai cutar da Turawa ke kira annobar aladu ta Afirka. A Kenya aka fara bayyana ta a 1921. Tana zaune a jikin mugun dawa da wata irin kaska ba tare da ta kashe su ba, amma in ta shiga aladen gida sai ta kwashe kusan garken duka cikin kwanaki. Ba ta kama mutum. Abin tsoronta shi ne taurin rai: gishiri ba ya kashe ƙwayar, shanya ba ta kashe ta, hayaƙi ma haka, tana yin watanni a cikin busasshen nama, a cikin ƙanƙara kuwa ta fi haka daɗewa. A 1957 ta shiga Fotugal ta hanyar sauran abincin jirgin sama da aka zuba wa aladu kusa da Lisbon. Ta sake dawowa a 1960, kuma Sifen ba ta rabu da ita ba sai 1995. A 2007 ta sauka Jojiya ta tashar jiragen ruwa ta Poti, ta bi Rasha, ta shiga Tarayyar Turai a 2014, ta kai Sin a 2018 inda ta hallaka aladu miliyoyi.

Ni da idona na ga abin da take yi wa ƙasa. A watan Satumba na 2018 aka tsinci gawar aladun daji masu cutar a yankin Etalle, kudancin Beljik, nesa ƙwarai da ƙasashen da take a lokacin. Alade bai yi wannan tafiyar da ƙafarsa ba, shi ya sa zato ya koma kan ɗan Adam, kamar mai wucewa da ya jefar da sauran burodinsa da nama a bakin hanya. Aka rufe dazuzzuka, aka kashe aladun gida wajen dubu huɗu da ke yankin tun kafin su kamu, Faransa ta kafa shingen waya a kan iyaka, wasu ƙasashe suka daina sayen naman aladen Beljik. Sai ƙarshen 2020 aka ce ƙasar ta tsarkaka. Har yau in ka tsaya a wuraren hutawar direbobi a manyan hanyoyi za ka ga allo da harsuna barkatai, ana roƙon mutane su sa sauran abinci cikin kwandon shara mai murfi. Mutanen da suka kai ga tsoron guntun burodi, ka ga za su saurari bayaninka a kan kilo biyar na nama marar takarda?

Na san abin da za ka ce: namu na sa ne. To ga sauran rabin maganar. Akwai ciwon baki da kofato, wanda makiyayanmu na Azawak suka sani sarai, yana kama shanu da tumaki da awaki da aladu, yana kuma tafiya cikin nama da madara. A 2001 ya ɓarke a Ingila, aka bi sawunsa har wata gonar aladu da ake ciyar da su ragowar abinci da ba a dafa ba. An kashe dabbobi sama da miliyan shida kafin a shawo kansa. Bayan wannan ne Turai ta tsaurara a kan guzurin matafiya. A 2025 ciwon ya sake leƙowa a Jamus da Hangari da Sulobakiya, nan da nan Ingila ta hana matafiya shigar mata da nama da cuku ko daga Faransa ne. In Bafaranshe ba ya wucewa da cukunsa, ɗan Tawa ba zai wuce da nasa ba. Ban da haka, ɗan duwan, wato jami'in kwastan, ba mahauci ba ne. Ya ga jan abu busasshe da yaji a takarda, ba shi da lokacin tantance sa ne ko raƙumi ko alade, kuma doka ba ta ce ya tantance ba. Rantsuwarka cewa kai Musulmi ne ba ta shiga cikin fom ɗinsa.

Wani yaro ɗan unguwarmu da na je tarba ya gwada. Na tsaya a bakin ƙofar fita har mutanen jirginsu suka watse, wayarsa ba ta shiga. Da ya fito, akwati a hargitse, idonsa ja. Kare ya shinshino kayansa, aka kai shi gefe, aka zazzage komai a gaban jama'a har kamfai. Kilishin da mahaifiyarsa ta sayar da akuya ta saya, aka ɗaga shi da safar hannu aka jefa cikin bokitin da ake tara naman aladen da aka ƙwace wa wasu, duk za a ƙone tare. Wannan ne ya fi ci masa rai, ni ma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Rabin naman ma ba nasa ba ne, saƙon mutane ne, amma sunansa aka rubuta.

Nan ne nake so ka buɗe kunne, don na san gidanmu. Daren da za ka bar Tawa zaure zai cika. Wannan ta kawo ƙunshi a kai wa ɗanta a Liyej, wancan ya kawo kwali a naɗe da salatif wai magani ne kawai. Duk abin da ba a buɗe a gabanka ba, kar ya shiga jakarka, ko wane ne ya kawo. In kana jin nauyi ka ce ni na hana, na saba. Shekaru ke nan ana cewa na zama Bature, na yi girman kai, don na ƙi ɗaukar saƙon nama. Akwai gwaggon da ta daina amsa gaisuwata a kan cuku, ga ta nan da ranta. Su da suke aikowa, in an kama, ba su ne za su tsaya gaban duwan ba, ba su ne za su biya tara ba. Abin da za ka ji daga baya shi ne wai kai ka cinye a hanya.

Tarar ta danganta da ƙasa da kuma ko ka faɗa da bakinka. In ka ga an cusa maka wani abu ba da saninka ba, bi jan layi, wato ƙofar masu kayan da za su bayyana wa duwan, ka nuna, yawanci karɓewa za su yi ka wuce. Wanda ya ɓoye aka tono shi ne yake shan wahala. Wasu ƙasashen ma ba su tsaya ga kuɗi ba: a 2019 Ostareliya ta soke bizar wata mata 'yar Biyetnam ta mayar da ita gida saboda naman alade da sauran abincin da ba ta bayyana ba. A Amurka kuwa akwai karnuka na musamman da aikinsu ke nan a filayen jirgi. Kai da ka sha layin neman takardu, ga kuɗin da Baba ya tara da ƙyar, bai kamata ranarka ta farko ta zama a ofishin duwan ba.

Ba komai aka hana ba. Busasshen kifi ana bari har kilo 20, zuma har kilo 2. Dabino yana wucewa ba takarda, haka ayaba da abarba da kwakwa. Amma mangwaro da ɗanyar albasa, ko ta Galmi ce, tun watan Disamba na 2019 sai da takardar lafiyar tsiro, don haka ka bar su a gida. Garin kuka, garin kuɓewa, yaji, waɗannan ba nama ba ne, dokar nama ba ta hau kansu ba. Ka ɗaura su a leda mai tsabta, a rubuta sunan kowanne da Faransanci.

Kuma wa ya ce maka babu kilishi a nan? Ni nake yi. Na fara da wanke ƙasa a mahautar halal ta wani mutum, hannuna na daskarewa a ɗakin sanyi, ana biyana abin da bai kai ya kawo ba. Na koyi yanka irin nasu, na yi karatun tsabtar abinci da dare, na bi takardu har na samu izinin kaina. Yau masu binciken hukuma suna shigowa ba sanarwa, su duba sanyin firiji, su duba takardar kowace cinya har gonar da san ya fito, su sa hannu su tafi. Rana ce ba mu da ita, sai na'urar busarwa, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, bai kai na Madawa ba. Amma ranar salla 'yan Nijar har daga Faransa suke kira a ajiye musu, ja da fari da rumuzu, kuma babu wanda ya taɓa tsayar da ni a kansa.

Ka lallashi Inna, kar ka ce mata an hana kawai, za ta ɗauka raini ne. Ku ci kilishin tare kafin ka taso, sauran ka ƙarasa shi a hanyar Yamai. In tana son aiko min da wani abu, ta daka yajin nan nata mai citta da masoro da kanumfari, da yawa. Wurin da ya rage a akwati ka sa rigar sanyi mai kauri, ka turo min ranar sauka da lambar jirgi.