Filin Tambaya: Labarin zullumi da masu karatu suka ce ya yaudare su

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina rubuta labari ina sakinsa kashi-kashi a WhatsApp. Wata mai jego ce a gidan yawa, kullum bayan isha'i sai ta ji taku a bayan ɗakinta, har ta yarda uwargida ke shirin sace mata jariri. A ƙarshe na nuna ashe ita ce ba ta da lafiya. An bi ni har kashi na 30, amma da na kammala sai aka ce na yi yaudara. A ina na kuskure?
Wata 'yar'uwa daga karkarar Ringim, Jigawa

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Kin iya zaɓen wuri. Irin wannan labari zullumi ke riƙe shi: an kulle mai karatu cikin kan mutum ɗaya, abin da ta gani shi kaɗai yake gani. Gidan yawa kuwa zana ce ta raba ɗaki da ɗaki, rijiya ɗaya, madafi ɗaya. Wadda ake tsoro ita ke dama kunun kanwa, ita ke hura wutar ruwan wankan jego. Wannan ya fi dokar daji ban tsoro, shi ya sa aka bi ki.

Inda ƙarfin yake, nan raunin ya ɓuya. Tunda kin rufe wa mai karatu ido, bashi ne a kanki ki ajiye masa alamu a hanya, aƙalla uku, tun kafin rabin labari. Misali, ta ce an ɗauke mata zanen goyo, shafi biyu gaba a gan shi ɗaure a ƙugunta, ki wuce kamar ba komai. Ko ta ce ta ji taku, alhali karen gidan, mai haushi ko akuya ce ta gifta, bai ce uffan ba. Idan an kai ƙarshe, so ake mai karatu ya dafa kai ya ce, "Kai, ai an nuna mini!" In babu wannan, "ashe ba ta da lafiya" ƙanwar "ashe mafarki ne" ce.

Sai ita kanta rashin lafiyar. Larurar ƙwaƙwalwa mai tsanani ta bayan haihuwa tana kama mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, yawanci a mako biyun farko. Tana zuwa da kasa barci kwana da kwanaki, ruɗewa, yawan surutu, jin muryoyi da zargin na kusa. Don haka ki fara nuna rashin barcin tun kafin ranar suna, kada ki jira arba'in. Kuma larura ce ta gaggawa da ake warkewa. Ki bar wani a gidan ya kawo maganar asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko na Dawanau, ko da dattawa za su ce a fara da ruƙiyya. Wannan gardamar ma babi ce guda.

Kashi 30 na taku iri ɗaya ya yi yawa. Kowane dare abin ya matso: yau bayan ɗaki, gobe bakin ƙofa, jibi an taɓa asabari.

Uwargidan kuma kada ki bar ta fanko. Ki ba ta sirrinta, ta yadda zargin zai samu madafa: a ce da gaske tana zagayawa bayan ɗakin da dare, amma kuɗin adashi take ɓoyewa a ƙarƙashin rumbu don kada maigida ya ranta.